Likita, ba a cinye fanshonka ba, amma kada ka ɗora ginin asibiti a kan ciko

Assalamu alaikum. Ni likita ne, shekarata 58, ina aiki a asibitin wata gunduma a jihar Kalifoniya ta Amurka tun 1994. Niyyata in yi ritaya baɗi in koma gida Katsina in buɗe ɗan ƙaramin asibiti. Da na nemi hukumar fanshonmu, CalPERS, ta yi mini ƙiyasi, sai takardar ta nuna wai fanshona ya zarce iyakar da dokar haraji ta sa a sashe na 415(b), don haka kusan kashi ɗaya cikin goma za a riƙa biyana ne ta wani tsari daban mai suna Replacement Benefit Plan. Yayana da ke gida ya ce da irin wannan dabara aka fara wa mahaifinmu, har Allah ya yi masa rasuwa yana bin bashin haƙƙinsa. Uwargida kuma ta ce in haƙura in kai shekara 62. Ni dai na gaji da aiki, kuma tun da takardar nan ta zo barci ya ƙaurace mini. Shin rage mini fansho aka yi? In tafi ko in jira?

Wa alaikumus salam, Likita. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya sa haƙurin da ya yi ya zama kaffara.

Ka kwantar da hankalinka, ba a rage maka ko sisi daga abin da aka yi maka alkawari ba. Jimillar fanshonka tana nan yadda lissafi ya ba da ita. Abin da takardar ke faɗa shi ne kuɗin zai fito ta hanya biyu, kuma hanyoyin ba ƙarfinsu ɗaya ba. Yayanka bai yi daidai ba da ya kira abin dabara, amma uwargida tana da gaskiya da ta ce a dakata a duba, ko da yake ba lallai ne maganin da ta kawo ya zama shi ne maganin ciwon ba.

Fanshonka ba irin wanda ma'aikata suka sani a Najeriya tun bayan dokar 2004 ba ne, inda ma'aikaci da mai aiki ke zuba kuɗi a asusu mai sunan mutum, abin da ya taru shi ne rabonsa. Naka alkawari ne da aka gina a kan lissafi: shekarun da ka yi kana aiki, da wani kaso da ya danganta da shekarunka na haihuwa ranar ritaya, da albashinka mafi tsoka. Likitan da ya haura shekara talatin yana aiki da albashi mai kauri, dole lissafinsa ya yi sama.

To ina ruwan hukumar haraji ta IRS da wannan? Gwamnatin tarayya ba ta karɓar haraji a kan kuɗin da ake tarawa a asusun fansho, haka ma ribar da kuɗin ke haifarwa shekara da shekaru, sai ranar da aka fara biyan mutum. Rangwame ne babba. Don kada masu manyan albashi su mayar da asusun fansho maɓoyar dukiya, majalisar dokokin Amurka ta sa iyaka a dokar ERISA ta 1974 a kan abin da asusu mai wannan rangwame zai biya mutum ɗaya a shekara. A lokacin dala 75,000 ce. Tana hawa da tsadar rayuwa: dala 230,000 a 2021, dala 275,000 a 2024, dala 280,000 a 2025. Idan asusu ya tsallake iyakar ya biya mutum ɗaya fiye da haka, asusun gaba ɗaya yana iya rasa rangwamen, kuma CalPERS tana ɗauke da mutum wajen miliyan biyu. Ka ga ke nan ba kai aka nufa da sharri ba, hukumar ba ta da ikon biyan ka duka daga babban asusu ko da tana so.

Abin da ya kama ka shi ne shekaru. Wancan adadi na wanda ya fara karɓar fansho yana da shekara 62 ne zuwa 65. Duk wanda ya fara kafin 62, ana sauko masa da iyakar gwargwadon saurin da ya yi, tunda ana sa ran zai fi daɗewa yana karɓa. An keɓe 'yan sanda da ma'aikatan kashe gobara da suka yi shekara 15 a bakin aiki daga wannan ragi, amma ba a keɓe likitocin asibitin gunduma ba. Mai yiwuwa fanshonka bai kai dala 280,000 ba, amma ya fi iyakar mai shekara 59.

Kafin 1996 wannan matsala ta sa jihohi cikin tsaka mai wuya. Dokar jiha ta ce alkawarin fansho ba ya tashi, dokar harajin tarayya ta ce kada a biya fiye da kaza. A waccan shekara ce majalisa ta ƙara sashe na 415(m), wanda ya halatta wa gwamnatocin jihohi da ƙananan hukumomi su buɗe tsari na gefe don biyan abin da ya haura iyaka. Sharuɗɗansa a bayyane suke: aikinsa kawai biyan wannan cikon, ma'aikaci ba zai zaɓi tura albashinsa ciki ba, sannan ba za a taɓa babban asusu don biyansa ba. Tsarin da aka rubuta maka sunansa a takarda ɗaya ne daga cikin irin waɗannan. An ƙirƙire shi ne don kare haƙƙin irinka.

Yanzu ga inda nake so ka natsu sosai, domin a nan ne damuwarka ke da tushe.

Babban asusun CalPERS yana riƙe da sama da dala biliyan 500, kuɗin da aka tara tun da daɗewa aka zuba a hannun jari da kadarori, kuma doka ta hana a yi wani abu da su in ban da biyan masu fansho. Asusun ciko ba haka yake ba. Ba a tara masa dukiya a ajiye. Hukumar fansho kan aika wa wurin da ka yi wa aiki takardar neman kuɗi, su biya daga kasafinsu, sannan a biya ka. Ɗaya rumbu ne cike da hatsi, ɗayan awo ne da ake yowa daga kasuwa in lokaci ya yi. Muddin gundumarku tana tsaye da ƙafafunta, ba za ka ji bambanci ba sai dai a takardu. Ranar da ta shiga matsi, cikon ne zai fara jinkiri.

Ba don in tsorata ka na faɗi haka ba. Abu ne da ba kasafai yake faruwa ba, amma ya taɓa faruwa a jiharku cewa ƙaramar hukuma ta kasa ɗaukar nauyin da ke kanta. Biranen Stockton da San Bernardino sun shiga kotun karayar arziki a 2012, kuma San Bernardino ta dakatar da biyan CalPERS na wani lokaci. A Stockton, da aka kammala shari'a fanshon ma'aikata ya tsira, amma tallafin kula da lafiyar masu ritaya ya tafi. Darasin da na ɗauka daga nan shi ne abin da aka tara aka killace ya fi wuyar taɓawa, abin da ake biya daga kasafin shekara kuwa shi ake fara dubawa. Ka kuma sani cewa hukumar PBGC, wadda ke inshorar fanshon kamfanoni masu zaman kansu, ba ta rufe fanshon gwamnati ko ɗaya, babba ko ciko. Kasafin gundumarku da rahoton kuɗinta na shekara a buɗe suke ga kowa. Kai da ka saba karanta sakamakon gwajin jini, ba zai gagare ka ka zauna da maraice ɗaya ka duba lafiyar aljihun wurin da ka yi wa hidima ba.

Akwai kuma bambancin takardun haraji. Fansho na asali yana zuwa da takardar 1099-R a ƙarshen shekara, ciko kuwa ana ɗaukarsa tamkar albashi, da takardar W-2 yake zuwa, kuma ba a iya juya shi zuwa asusun IRA, wato asusun ajiyar ritaya na kashin kai, don jinkirta haraji. Ka tambaya a rubuce ko za a cire masa harajin Medicare, wato inshorar lafiyar tsofaffi ta gwamnatin Amurka, in za a cire, a dunƙule ne ko kaɗan-kaɗan, da kuma lokutan da ake biyansa a shekara. Kada ka ɗauka ranar da babban fansho ya shigo shi ma zai shigo.

Mu zo ga shawarar uwargida. Gaskiya ne in ka kai 62 za a auna ka da cikakkiyar iyaka. Sai dai a shekarun da za ka ƙara, fanshon ma yana girma: shekarun aiki sun ƙaru, kason shekarun haihuwa ya hau, wataƙila albashi ma ya motsa. Yana yiwuwa ka kai 62 cikon ya ɓace, yana kuma yiwuwa ya ragu kawai. Ba a sanin wannan da zato. Ka nemi ƙiyasi a rubuce na shekara 59 da 60 da 62, kowanne a raba maka nawa ne daga babban asusu, nawa ne ciko. In ka jera takardun nan uku a kan tebur, kai da Hajiya, rabin gardamar ta ƙare.

Wani abu kuma da mutane kan manta: ba a auna mutum sau ɗaya a rufe littafi. IRS kan sake duba iyakar kowace shekara, tana ɗaga ta da dala dubu biyar-biyar in tsadar rayuwa ta kai, fanshonka ma yana samun ƙarin tsadar rayuwa, wanda ga yawancin ma'aikatan CalPERS ba ya wuce kashi 2 cikin ɗari a shekara. Daga 2021 zuwa 2025 iyakar ta tashi da dala 50,000, sama da kashi 20 cikin ɗari, ta fi ƙarin fansho sauri nesa ba kusa ba. A irin waɗannan shekaru kason da ke zuwa ta ciko raguwa yake yi, yana komawa babban asusu. Ba na yi maka alkawarin haka za a ci gaba, amma kashi goman da ya firgita ka ba lallai ne ya zauna kashi goma har abada ba.

Ra'ayina, tunda ka tambaya kai tsaye: kada ka ƙara shekara uku ko huɗu a aikin da ka ce ya gajiyar da kai don kawai tsoron wannan takarda. Shekarun da ke tsakanin 59 da 62 suna da tsada ga mutumin da ke son ya fara wani abu da ƙarfinsa, kuma mutanen da za ka duba a Katsina suna buƙatar likita mai sauran kuzari. In akwai dalilin jira, ya zama dalili na gaske, kamar karatun yara da bai ƙare ba, ko bashin gida, ko inshorar lafiya. Amma kuma kada ka miƙa takardar ajiye aiki sai amsoshin nan suna hannunka a rubuce.

Ga ma'aunin da zan ba ka. Ka ɗauki kashi tara ɗin da ke fitowa daga babban asusu, ka cire haraji, ka ga ko zai riƙe gida: ci da sha, magani, makarantar yara, hidimar dangi da ka saba, da tikitin zuwa da dawowa. In ya riƙe, hanya a buɗe take. Cikon kuwa ka ɗauke shi a matsayin ƙari. Kada ka ci bashi da sunansa, kada ka ɗora albashin ma'aikatan jinya ko kuɗin man janareta a kansa. Asibiti ba ya jiran jinkirin wata gunduma da ke wata nahiya. Ranar da kuɗi ya makara, ma'aikatanka ne za su kwana da yunwa, kai kuma ka zama mai riƙe haƙƙin wasu, abin da ka ga zafinsa a gidanku. Ka gina asibitin da abin da ka riga ka tara, daki-daki, cikon in ya zo ya sayi na'ura ko ya ƙara ɗaki.

Tunda kana da sauran shekara a bakin aiki, ka cika asusunka na 457(b), wato asusun ajiyar ritaya da ma'aikaci ke zuba wa kuɗi daga albashinsa, in wurin aikinku yana da shi. A 2025 an halatta zuba dala 23,500, wanda ya kai shekara 50 kuma an ƙara masa dala 7,500. Kuɗin wannan asusu na gwamnati ba ya jawo tarar kashi 10 cikin ɗari da ake ɗora wa mai cire kuɗin ritaya da wuri in ka cire bayan barin aiki, ko da ba ka kai 59 da rabi ba. Shi ne ya fi dacewa ya zama madogararka in ciko ya yi jinkiri.

Akwai wani tarko da nake so ka kiyaye, domin na san halinmu na cewa bari in je gida in gwada shekara ɗaya, in bai yiwu ba in dawo. Ka shiga aiki a 1994, kuma wannan shekara gata ce a gare ka ta fuska biyu. Na farko, akwai wata iyakar daban a sashe na 401(a)(17), wadda ke taƙaita albashin da ake lissafin fansho da shi, dala 350,000 a 2025, amma ba ta hau kan waɗanda suka shiga CalPERS kafin 1 ga Yuli 1996 ba. Na biyu, dokar gyaran fansho ta PEPRA da Gwamna Jerry Brown ya sa wa hannu, wadda ta fara aiki 1 ga Janairu 2013, ta rage wa sababbin ma'aikata lissafi, ta kuma hana a ba su tsarin ciko kwata-kwata. Matashin likitan da aka ɗauka bayanka a 2015 ba zai taɓa samun irin takardar da ta hana ka barci ba, saboda ba shi da wannan haƙƙin tun asali. To a ƙarƙashin dokar, wanda ya bar aiki sama da wata shida sannan ya dawo wurin wani mai aikin daban, ana lissafa sabon aikinsa da dokar sababbi. In gwaji kake so, ka nemi hutu a hukumance, ko ka yi ritayarka sosai. Mai ritaya yana iya komawa ya taimaka na wucin gadi bayan kwana 180, bisa sharaɗin kada ya wuce awa 960 a shekarar kasafi.

Batun komawa gida yana da nasa lissafin. In ka zama ɗan ƙasar Amurka, IRS za ta ci gaba da bin ka haraji ko a Katsina kake, kuma babu yarjejeniyar harajin kuɗin shiga tsakanin Najeriya da Amurka da za ka fake da ita. In kuwa katin zama ne kawai a hannunka, dogon zama a waje yana iya sa ka rasa shi, kuma hukuncin harajin ya sauya. Abin da zai yi maka daɗi shi ne wata dokar tarayya ta 1996 ta hana jiha karɓar haraji a kan fanshon wanda ba mazauninta ba ne, saboda haka in ka tashi daga Kalifoniya da gaske, ba da baki kawai ba, harajin jihar zai sauka daga kan fanshonka. Wannan kaɗai ya isa ya sa ka biya ƙwararren akanta, wanda ya saba da masu zama a ƙasashen waje, ya zauna da takardunka kafin ka sa hannu. Medicare kuma sai shekara 65, kuma ko ta fara, ba ta biyan jinya a wajen Amurka sai a wasu keɓaɓɓun yanayi. Ka tambayi gundumarku abin da ta tanada na lafiyar mai ritaya da iyalinsa a shekarun da ke tsakani, da ko yana bin mutum in ya bar ƙasar.

Ina zargin cewa da Hajiya ta ce 62, ba sashe na 415(b) ne ke ranta ba. Tana tunanin ranar da ba ka, Allah ya ja da ranka, tana zaune a garin da ta bari shekaru talatin da suka wuce, tana jiran kuɗi daga ofishin da ba ta san kowa a cikinsa ba. Wannan tsoro halal ne, kuma a takardar ritaya ake amsa shi. Za a ba ka zaɓi: ka karɓi fansho cikakke wanda mafi yawansa zai tsaya da rasuwarka, ko ka yarda a rage kaɗan don a ci gaba da biyan matarka muddin ranta. Ana neman sa hannunta a takardar, kuma bayan an fara biya da wuya a sauya zaɓin. Ni dai ina ganin mutumin da zai ɗauki iyalinsa ya mayar da su gida bayan tsawon wannan zama, zaɓi na biyu ya fi kamata da shi. Akwai ma ƙarin amfani: rage adadin da kake karɓa a wata don matarka yana iya rage abin da ya haura iyaka, wato kason ciko ya ƙanƙance. Ka sa a yi maka ƙiyasin da wannan zaɓi a ciki, ka kuma tambaya ƙarara yadda za a biya ta kason ciko in ya rage a bayanka, da takardun da za a nema daga gare ta in tana Najeriya. Ka tafi da ita ofishin CalPERS ranar ganawa, ta ji da kunnenta, ta yi nata tambayoyin.

Yayanka kuma ka kira shi ka yi masa bayani cikin ladabi. Abin da ya gani a kan mahaifinku gaskiya ne, ya ga dattijo yana jeka-ka-dawo a kan guminsa, ba abin mamaki ba ne in duk takardar fansho ta zame masa abin zargi. Ka gaya masa kashi tara na kuɗinka suna cikin asusun da doka ta killace, kashi ɗaya kuma ka san daga inda zai fito, kuma ba a kansa ka ɗora rayuwarka ba. Sannan ka roƙe shi ya dakata da maganar sayen bulo da rodi har takardun ƙiyasin nan uku su iso.

Allah ya zaɓa maka mafi alheri, ya kai ka gida lafiya. Ka gaida Hajiya da yara.